Ƙanena mai taɓin hankali ya kashe maƙwabcinmu, ko shari'a za ta sake shi?

Wata baiwar Allah daga nan Maradi ta aiko mini da tambaya, ta ce in amsa mata a fili dan ta san ba gidansu kaɗai wannan jarabawa ta sama ba. Ga abin da ta ce a taƙaice. Ƙanenta ɗan shekara 27 ne, yau shekara huɗu shina fama da taɓin hankali, an yi na malamai an yi na likita, ya samu sauƙi har ya koma kabu-kabunshi, sai ya bar shan magani tun kafin azumi. Wata safiya ya ɗauki taɓarya ya iske maƙwabcinsu shina alwala a ƙofar gida ya buga mishi a kai, bayan kwana biyu mutumin ya cika. Da aka tambaye shi ya ce ai mutumin ne ke mishi magana ta cikin bango kullum dare, shina ce mishi za ya yanka shi. Yanzu satinshi uku a gidan kaso. Mutane na ce mata mahaukaci ba shi da shari'a, su kai takardar likita kawai a sako shi. Tana son ta san ko gaskiya ne, da yadda ake tada wannan magana gaban alƙali, da kuma ko za a sako shi ya dawo gida. Ta kuma ƙara da cewa, dan kar ta ɓoye mini, wani lokaci yana shan tiramol.

Ƴar uwa, da farko Allah ya jiƙan wanda ya rasu ya ba iyalinshi haƙuri, ku kuma Allah ya sassauta muku. Na san gidan da irin wannan abu ya faɗa ma ba a barci cikinshi, ga nauyin maƙwabta da kuka tashi tare ga tausayin ɗan uwa da kuka san ba haka yake ba da can. Na yi shekaru ina tsaya ma waɗanda ake tuhuma a kotu, mafi yawansu marasa hali, kuma dosiye irin na ƙanenki su ne suka fi hana ni sukuni, saboda sau da yawa gaskiyar tana nan amma dangi ba su san yadda za su kai ta gaban alƙali ba har lokaci ya ƙure.

Abin da mutane ke faɗa miki yana da tushe amma rabin magana ce. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa ran 15 ga Yuli 1961 aka yi mishi babban gyara a 2003, ya gaji wata ƙa'ida daga tsohon kundin Faransa na 1810, aya ta 64, wadda ke cewa babu laifi, babba ko ƙarami, in wanda ake tuhuma shina cikin hauka a lokacin da ya aikata abin. To ki riƙe wannan ƴar gaɓa, "a lokacin da ya aikata", dan duk shari'ar ƙanenki a kanta za ta tsaya. Alƙali ba za ya tambaya ko yaron ya taɓa hauka ba, ko unguwa ta san shi da taɓuwa, ko yanzu shina surutai a gidan kaso. Tambayarshi guda ce, waccan safiya, sa'ad da ya ɗaga taɓarya, hankalinshi na tare da shi har ya san abin da yake yi kuma ya iya hana kanshi, ko kuwa ciwon ya riga ya ƙwace mishi wannan. Mutum na iya zama da katin likitar ƙwaƙwalwa shekara goma, ya kashe wani kan rigimar gona ko kuɗin adashe da hankalinshi garau, wannan za a hukunta shi kamar kowa. Wani kuma bai taɓa taka likita ba ko sau ɗaya, ciwon ya fara mishi sati biyu kafin abin, kuma doka ta ɗauke mishi laifi. Shi ya sa takarda ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar kaso.

Kuma kar wani ya ce miki wannan dabarar nasara ce ta kuɓutar da masu kisa, mu mun riga su saninta. Hadisin da kowane almajiri ya haddace ne, an ɗauke alƙalami ga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinshi ya dawo. Sa'ad da Ma'izu ya zo ya yi iƙirari a kan kanshi, Annabi sallallahu alaihi wa sallam bai yi gaggawar hukunci ba, ya tambaye shi ko shina da hauka, aka tambayi mutanenshi, aka tambaya ko ya sha giya har wani ya tashi ya shinshina bakinshi. Ki duba, binciken hankali ke nan kafin hukunci, tun wancan zamani. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Marwanu da ya rubuta ma Mu'awiya cewa an kawo mishi mahaukaci ya kashe mutum, Mu'awiya ya amsa mishi da cewa ka tsare shi kar ka yi mishi ƙisasi, babu ƙisasi a kan mahaukaci. Malaman fiƙihu ma sun raba haukan da ya lulluɓe mutum gaba ɗaya da wanda ke zuwa shina tafiya, suka ce abin da ya aikata lokacin da ya farfaɗo ana kama shi da shi. Daidai da tambayar da alƙalin Maradi za ya yi.

Na kawo wannan ne kuma dan wani dalili, mu nan kunnenmu rabi na Katsina da Kano, abin da muke ji a rediyo da WhatsApp na shari'ar Najeriya shi mutane ke ɗauka doka. Can tsarin Ingila suka gada, wanda ya samo asali daga shari'ar wani Daniyel Maknoton da ya harbe sakataren firaministan Ingila a 1843 shina zaton ana farautarshi, daga nan aka tsara ƙa'idar cewa sai in mutum bai san irin aikin da yake yi ba ko bai san laifi ne ba, kuma ita ce ta shiga Final Kod, kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, a sashe na 51. Can wanda ake tuhuma shi da lauyanshi ke ɗauke da nauyin kawo hujja ranar shari'a. Mu nan ba haka tafiyar take ba, muna da alƙalin bincike, wanda aikinshi shi ne ya tono abin da ke kama mutum da abin da ke wanke shi duka biyu, kuma wurinshi ne ake cin wannan yaƙi ko a faɗi, tun kafin a shiga zauren kotu.

Tunda akwai rai a ciki, dosiyen ƙanenki ya bi hanyar da aka saba, komisariya ko jandarmari sun tsare shi sun rubuta takardar bayani, an kai shi gaban purokirer, mai gabatar da ƙara na hukuma, a babbar kotun Maradi, shi kuma ya miƙa ma alƙalin bincike, dan babban laifi dole sai an yi mishi wannan bincike, alƙalin ya yi mishi depo, wato takardar a tsare shi, zuwa gidan kaso. Wato yanzu da nake miki magana ƙofar a buɗe take. Abu na farko ki san wane alƙali ke riƙe da dosiyen da lambarshi, magatakardan kotu za ya faɗa miki. Na biyu ku samu mai tsaya mishi. Na san lauyoyi mafi yawansu a Yamai suke kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne, amma akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011, tana da biro a manyan kotuna, kuma mai babban laifi da mai naƙasa suna cikin waɗanda aka yi ta dominsu. Ki je ki tambaya, ba alfarma ba ce haƙƙinshi ne. Ba kya iya shiga ki karanta dosiyen da kanki saboda bincike sirri ne, mai tsaya mishi ne ke da wannan dama, kuma shi za ya rubuta ma alƙali takarda shina roƙon a sa lokotoron ƙwaƙwalwa ya duba yaron, abin da ake ce ma ekspertiz. Alƙali na iya yin haka da kanshi, purokirer na iya nema, ɓangaren wanda ake tuhuma ma na iya nema, in alƙali ya ƙi sai ya rubuta dalilinshi. A rubuce nake so a yi, a aje kwafi, kar a tsaya ga "ai mun faɗa mishi da baki".

Yanzu ga inda aikinku yake, kuma a nan nake so ki natsu da kyau. Lokotoron da za a naɗa bai ga waccan safiya ba. Za ya ga ƙanenki ne bayan wata uku ko shida ko fiye, wataƙila lokacin ya lafa shina gaisuwa lafiya lau, wataƙila kuma zaman kaso ya ƙara dagula shi, duka biyu ba su nuna yadda yake ranar abin. Da mi za ya koma baya ya gano? Da abin da kuka aje mishi. Karnen likita, wato ɗan littafin da ake rubuta ciwonshi, duk ordonans, wato takardar sayen magani, ko ta yage ko mai ya ɓata ta, kwalayen magani da suka rage a ɗaki, Haldol ne ko Largactil ko allurar wata-wata, rasit na farmasi da ke nuna ranar da aka sayi na ƙarshe, sunan ma'aikacin lafiyar da ke ganinshi dan a nemi rajistarsu. Kwalin da aka sha rabi aka bari, da kwanan wata a jikinshi, ya fi rantsuwar mutum goma amfani. In akwai saƙon murya da ya tura ma wani a WhatsApp cikin waɗannan kwanaki shina zancen bango da masu son yanka shi, kar a goge, kar a sayar da wayar. In ya taɓa kai ƙarar maƙwabcin wurin mai unguwa cewa shina mishi magana da dare, mai unguwa shaida ne babba.

Sai shaidun ido na kwanakin da suka gabaci abin, kuma ba dangi kaɗai ba dan alƙali ya san dangi na son nasu. Mai shayin da ya lura yaron ya kwana biyar ba ya barci shina zagaya unguwa, abokan kabu-kabu da suka ga ya aje babur a tasha ya tafi ya bar makulli, liman da ya ga shina juyowa cikin sahu shina amsa ma wanda babu. Ki ce musu kar su ce "mahaukaci ne", wannan hukunci ne ba shaida ba, su faɗi abin da idonsu ya gani da ranar da suka gan shi. Ke ma yau ɗin nan ki ɗauki kaye ki rubuta tun farkon ciwon, wata kaza ya fara toshe tagar ɗakinshi da tsumma, rana kaza ya ƙi cin tuwon gida ya ce an sa mishi wani abu, dan bayan shekara ɗaya wallahi kwanakin za su cakuɗe miki. Har abin da ya yi bayan bugun ana dubawa, ya gudu ya ɓoye taɓaryar ya wanke riga, ko kuwa ya zauna nan gefen mutumin shina cewa yau zan yi barci. Kowanne akwai abin da yake faɗa ma likita.

Maganar iskoki da sammu kuma, na san a gida da ita ake bayyana ciwon, kuma ba ni da niyyar yin gardama da imanin kowa. Amma kotu ba ta da ma'aunin aljani, in kuka shiga da "aljanu ne suka sa shi" za a rubuta a wuce. Abin da ke da amfani shi ne malamin da ya yi mishi ruƙiyya ya zo ya ce an kawo mini shi wata kaza, ya yi kwana kaza wurina, ga abin da yake faɗi ga abin da yake yi. In an taɓa sa mishi mari, tabon na nan a ƙafarshi, a nuna ma lokotoro, abin baƙin ciki ne amma hujja ce cewa ciwon ya girmi shari'ar.

Akwai wani dosiye da har gobe shina cina. Saurayi ne daga wani ƙauye, ya sari ƙanen babanshi, kuma duk garin sun san shekara biyu ba shi da lafiya. Da masu bincike suka tambayi uban ko yaron na da wata lalura, sai ya ce lafiyarshi lau, saboda akwai ƴan mata biyu a gidan da aka sa ma rana, shina tsoron a ce gidan masu hauka ne a fasa. Wannan kalma guda ta shiga takarda aka sa hannu. Sa'ad da dosiyen ya iso hannuna yaron ya daɗe a tsare, na iske shi zaune a lungu ya naɗe kanshi da buhu, shina ce mini in yi magana a hankali suna saurare ta cikin ƙusar ƙofa. Uwar ta zo mini da wata ƴar leda baƙa ƙulle a bakin zane, cike da ordonans tun na farko, ba wanda ya taɓa tambayarta. Mun samu an duba shi daga baya, amma kowane zama sai an karanto mana maganar uban, "ai mahaifinshi da kanshi ya ce lafiyarshi lau". Dan Allah in wani a gidanku ya faɗi irin wannan a komisariya saboda kunya, ku faɗa ma mai tsaya mishi tun yanzu, a nemi alƙali ya sake saurarenshi ya bayyana dalilin da ya sa ya ɓoye.

Kishiyar wannan ma tana nan. Za a samu masu ba ku shawara a ce ma yaron ya ƙara ma abin gishiri, ya yi tsirara, ya ci ƙasa, ya ce bai san sunanshi ba. Kar ku yarda. Wanda ya yi shekaru shina ganin masu wannan ciwo ya san yadda na gaske yake, mai ciwon gaske sau da yawa ɓoye shi yake shina cewa ni lafiyata lau, mai kwaikwayo shi ke baje kolin hauka, kuma ana tambayar masu gadi da ƴan ɗakinshi yadda yake in ba a kallonshi. In aka kama shi da ƙari ɗaya, gaskiyar da ke gare shi ma ta zube.

Sai tiramol, kuma na gode da ba ki ɓoye ba. A nan purokirer za ya taka da ƙarfi, za ya ce ba ciwo ba ne ƙwaya ce, kuma wanda ya sha abu da ganganci ya bugu ba a ɗauke mishi laifi dan ya ce ban san na yi ba. Wannan haka yake, maye da mutum ya jawo ma kanshi ba hauka ba ne a idon shari'a. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ƙwaya ta bugar ranar, da wanda ke da ciwo tsayayye shekara huɗu, muryoyin na zuwa ko ya sha ko bai sha ba, shan ma wani lokaci neman sauƙin abin da ke damunshi ne ko neman ƙarfin aikin babur. Raba waɗannan biyu aikin lokotoro ne kuma ba ya iya yi sai an faɗa mishi gaskiya, wanne ya riga wanne, ciwon ko ƙwayar, yaushe ya sha na ƙarshe. Wannan gaɓa ko a Faransa ta tada ƙura, a shari'ar kisan Sarah Halimi a Paris a 2017, wanda ya kashe ta mashayin wiwi ne, likitoci suka ce haukan gaske ya kama shi lokacin, babbar kotunsu ta tabbatar a Afrilun 2021 cewa ba za a yi mishi shari'a ba, mutane suka fito zanga-zanga har aka canja doka a Janairun 2022. Barin magani kuma, a ganina bai kamata a ɗora mishi shi kamar ganganci ba, dan yana daga cikin halin wannan ciwo mutum ya ji ya warke ya ce mi zan yi da magani, balle in kuɗin sayen ma ya gagara. Ku faɗi dalilin yadda yake.

In rahoton ya fito, hanya uku ce. In ya ce hankalin ya gushe gaba ɗaya lokacin aikin kuma alƙalin bincike ya gamsu, sai ya yanke cewa babu hujjar gurfanar da shi, abin da ake ce ma nonliye, dosiyen ya tsaya nan. In alƙali bai gamsu ba ya tura shi gaban masu shari'ar manyan laifuka, wadda da muke ce ma asiz, a can ma ana iya sake tada maganar a wanke shi. In kuma rahoton ya ce shina da ciwo amma da sauran hankalinshi, to laifi na nan, sai dai a nemi sassauci a rage mishi hukunci, kuma a yi faɗa kan sunan laifin, dan kisa da shiri daban, kisa da niyya ba shiri daban, bugun da ya zama ajali ba da niyyar kisa ba shi ma daban, tazarar hukuncinsu mai yawa ce. Faransawa sun rubuta wannan bambanci na gushewa da raguwa ƙarara cikin sabon kundinsu da ya fara aiki a 1994. Ki sani kuma rahoton lokotoro ba ya ɗaure alƙali, shawara ce ta masani, kuma in rahoton ya zo layi biyar bayan ganawar minti goma, mai tsaya mishi na da damar neman a sake da wani likitan. Wani abu daban kuma, in yanzu haka yaron ba ya fahimtar abin da ake tuhumarshi da shi, ba ya iya magana da mai kare shi, ba a yi ma mutum shari'a a wannan hali, sai a dakata a yi mishi magani tukuna, ko da a ce ranar abin da hankalinshi.

Sai dai ki shirya ma jira. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai kuma yawancinsu a Yamai suke, inda Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babbar likitar ƙasa, yake, a jihohi galibi ƙwararrun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da aikin. Takardar alƙali na iya fita ta kwana a tebur wata da watanni ana neman wanda za ya duba da yadda za a kai fursuna. Dosiyen da ba mai bibiya shi ke kwana ƙasa. Ki riƙa zuwa, cikin ladabi, duk sati biyu, ki tambaya ina aka kwana. In wani ya tare ki a bakin kotu ya ce ki kawo jikka kaza ya san wanda za ya rubuta muku takardar hauka, ki wuce abinki, takardar da ba alƙali ya nema ba nauyinta kaɗan ne, ta ƙarya kuma tana iya kai ku kaso ku ma.

Tambayarki ta ƙarshe, ko za a sako shi ya dawo gida. Ina so ki tambayi kanki tukuna, gida wane? Ɗakin nan da bangonshi ke jingine da na marigayin, ƴaƴan marigayin na wucewa ta ƙofar safe da yamma? Mutane na ɗauka wanda aka ce ba shi da laifi saboda hauka ya ci banza, alhali a ƙasashen da ke da wurin aje su sau da yawa sun fi daɗewa a tsare bisa wanda aka ɗaure. John Hinckley da ya harbi shugaban Amurka Reagan a 1981, an wanke shi a 1982 saboda hauka, bai bar likitar da aka tsare shi ba sai 2016. A Najeriya ana tsare irinsu har sai yadda gwamna ya gani. Mu nan ba mu da gida na musamman da aka gina dan masu ciwon da suka yi kisa, shi ya sa nauyin ke komawa kan hukuma da likita da dangi, kuma alƙali mutum ne, shina tunanin in na sake shi ya sake wani fa. Abin da ke kwantar mishi da hankali shi ne ya ga tsari a gabanshi, ga likitar da ta yarda ta kwantar da shi, ga wanda za ya yi jinya, ga kawu a Tasawa ko Dakoro ko wani gari nesa da unguwar da za ya riƙe shi bayan an sallame shi, ga wanda ya ɗauki nauyin allurar kowane wata da sunanshi. Ku zauna ku yi wannan shawara tun yanzu, maza da mata, a san wa ke biyan mi. Mayar da shi cikin mari a bayan gida ba tsari ba ne, ciwon ne za ya ƙaru.

Iyalin marigayin kuma suna da haƙƙi, kar zafin naku ya rufe muku ido ga nasu. Suna iya shiga shari'ar su nemi diyyar abin da suka rasa, kuma ana iya tada maganar ko masu kula da shi sun yi sakaci. A fiƙihunmu na Malikiyya ma kisan mahaukaci ana ɗaukarshi kamar na kuskure, ba ƙisasi amma diyya na kan danginshi, jinin bai tafi a banza ba. In ba ku je gaisuwa ba saboda tsoro, ku nemi liman da mai unguwa da dattawan da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsu su shige muku gaba, ba dan a roƙe su su janye ƙara ba, dan ko sun yafe shari'ar kisa ta hukuma ce ba ta tsayawa, sai dan zaman tare da kuma tsaron lafiyar gidanku. Kuma sau da yawa matar marigayin ko ɗanshi su ne suka fi kowa sanin yadda yaron ya koma a kwanakin nan, su suka ji shina buga bango da dare.

Abin da ya fi gaggawa duka, wanda ba ya jiran lauya ko alƙali, maganinshi ne. Sati uku a ɗaki mai cunkoso da zafin Maradi, ba magani, muryoyin na nan, hatsari ne gare shi da waɗanda ke kwana kusa da shi. Gobe in Allah ya kai mu ki yi fotokopi na karnen da ordonans ta ƙarshe, ki riƙe na asali wurinki kar ki ba kowa, ki je gidan kaso ki nemi ganin majon da ke kula da lafiyar fursunoni, ki nuna mishi, ki roƙa a rubuta cikin rajista cewa yaron na da ciwo kuma a nemo mai duba shi a mayar da shi kan magani. Kar ki ba shi tsohon maganin da hannunki tunda ya daɗe da bari, a bar ma'aikacin lafiya ya tsara yadda za a sake farawa. Wannan rubutu na rajistar gidan kaso shi ma gobe za ya shiga dosiye.